Fada Damiyan: limamin cocin da ya zauna da masu kuturta shekara 16, cutar ta kama shi ya ƙi barinsu

Wani yammaci a watan Disambar 1884, a wani ƙauye da ke bakin teku a tsibirin Molokai, wani limamin cocin Katolika ya koma ɗakinsa a gajiye, ya zuba ruwa a kwano don ya gasa ƙafafunsa da suka daɗe suna damunsa. Ya tsoma ƙafa. Ruwan tafasasshe ne, amma bai ji komai ba. Sai da ya duba ƙasa ya ga fatar ta saɓule ta yi bororo.

Shekara 11 ke nan yana wanke gyambon mutanen da wuta ke ƙona su ba su sani ba, saboda haka tun kafin likita ya duba shi ya gane abin da ya same shi. Kuturta ce, kuma a wancan zamani babu maganinta a ko'ina cikin duniya.

Sunansa na yanka Jozef De Veuster, mutumin ƙasar Beljiyam, amma duniya ta san shi da Fada Damiyan. Ya rayu shekara huɗu da 'yan watanni bayan wannan yammaci. Duk Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, lokacin da Nijar da sauran ƙasashe ke tunawa da Ranar Yaƙi da Kuturta ta Duniya, wadda Bafaranshe Raoul Follereau ya ƙirƙiro a 1954, sunansa na cikin waɗanda ake ambata. Sau da yawa a taƙaice ake ba da labarin: ya je, ya kamu, ya mutu, aka ayyana shi waliyyi. Abin da taƙaitawar ke tsallakewa shi ne yadda mutum ke tashi kowace safiya ya kama aiki alhali yana kallon jikinsa na lalacewa, da kuma irin abin da bangaskiyarsa ta yi masa da wanda ba ta yi masa ba. Ba ta hana shi kamuwa ba, ba ta kuma warkar da shi ba.

Cutar da ke raba mutum da danginsa

Hawayi tarin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik. Yau jiha ce daga cikin jihohin Amurka, amma a ƙarni na 19 masarauta ce mai cin gashin kanta. Jiragen ruwan baƙi sun kawo mata ciniki, sun kuma kawo mata ƙyanda da agana da tarin fuka, cututtukan da jikin mutanen wurin bai saba da su ba, suka yi ta mutuwa dubbai. Da kuturta ta fara yaɗuwa sai tsoro ya kama hukuma. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a kan dokar da ta ba da izinin kama duk wanda aka gani da alamun cutar a killace shi.

Wurin da aka zaɓa shi ne Kalaupapa, wani ɗan yanki da ya miƙe cikin ruwa a arewacin Molokai. Teku ta kewaye shi ta ɓangare uku, a na huɗun kuma dutse ne miƙaƙƙe kamar bango mai tsayin kusan mita 600. Kurkuku ne da ba ya bukatar mai gadi. Ranar 6 ga Janairun 1866 aka sauke rukunin farko, mutum 12, maza tara da mata uku. Daga nan zuwa 1969 da aka soke dokar, kimanin mutum 8,000 aka kai can, mafi yawansu 'yan asalin tsibiran, da yara ƙanana a cikinsu.

A al'adar mutanen Hawayi ba a gudun marar lafiya, ana cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya, ana kwana da shi a tabarma ɗaya. Shi ya sa abin da ya fi yi musu ciwo a cutar shi ne dokar da ta zo da ita, har suka sa mata suna a harshensu mai ma'anar cutar rabuwa. Iyalai sun riƙa ɓoye 'yan uwansu a kwazazzabai don kada a kama su.

Lissafin hukuma shi ne waɗanda aka kai za su yi noma su ciyar da kansu. Wanda ya yi wannan lissafin bai taɓa tunanin yadda mai dungulmin hannu zai riƙe fartanya ba. Abinci ya yi ƙaranci, ruwa sai an ɗebo daga nesa, an yi shekaru babu likitan da ke zaune a wurin. Masu ƙarfi suka danne raunana, wasu suka faɗa shan barasar da suke dafawa da saiwar wani tsiro. Wanda ya mutu ba shi da kuɗin akwati akan naɗe shi a bargo a binne shi sama-sama, dabbobi su zo su tone.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa babu ibada a wurin sai da Bature ya zo. Tun a watan Disambar 1866, mutum 35 daga cikin marasa lafiyar suka kafa majami'arsu ta ɗarikar Furotesta, suka sa mata suna Siloama, sunan tafkin nan na Urushalima inda Linjila ta ce Yesu ya aiki wani makaho ya wanke idanunsa. Da kuɗin da suka tara daga ɗan abin hannunsu da gudummawar waje suka kammala gininta a 1871. 'Yan Katolika su ma sun samu ɗan ƙaramin ɗakin ibada na katako a 1872. Akwai kuma masu lafiya da suka bi matansu ko mazajensu da son ransu don su yi jinyarsu. Ɗaya daga cikinsu Jonathan Napela ne, wani babban mutum ɗan ɗarikar Mormon, wanda ya ƙi rabuwa da matarsa a 1873, ya bi ta, ya kamu da cutar, ya riga ta mutuwa a 1879. Shi da Damiyan sun yi abota duk da bambancin ɗarika. Masana tarihi na baya-bayan nan sun yi ƙorafin cewa sunan Damiyan ya rufe na irin waɗannan mutane, kuma suna da gaskiya.

Ɗan manomin da ya maye gurbin yayansa

An haifi Jozef ranar 3 ga Janairun 1840 a ƙauyen Tremelo, ɗa na bakwai a gidan manomi mai sayar da hatsi. Yana da shekara 13 ya bar makaranta ya koma gona. Ƙaƙƙarfa ne, ya iya sassaƙa da gini, bai yi fice a karatu ba. Da ya bi yayansa Pamphile cikin wata ƙungiyar limaman Katolika a birnin Leuven, da farko shugabannin ba su ga alamar zai iya zama limami ba saboda bai san Latin ba, sai da yayan ya zauna ya koya masa.

A ranar da ya ɗauki alkawarin zama ɗan ƙungiyar a 1860, an kwantar da shi a ƙasa aka lulluɓe shi da baƙin mayafin da ake rufe akwatin gawa, alamar cewa ya mutu ga tsohuwar rayuwarsa. Al'ada ce da ake yi wa kowa a ƙungiyar. Shi dai bai manta da ita ba.

Pamphile aka zaɓa ya tafi Hawayi, har an biya masa kuɗin jirgi, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Ƙanen ya rubuta wa shugaban ƙungiyar yana roƙon a tura shi a madadinsa, aka amince. Ya yi sallama da iyayensa yana da shekara 23, ya shafe kusan wata biyar a kan teku, ya sauka Honolulu ranar 19 ga Maris 1864. Bayan wata biyu aka naɗa shi limami. Bai sake ganin Beljiyam ba, bai sake ganin uwa ko uba ba. Ɗan ci-rani na yau da ke kiran gida ta WhatsApp daga Tiripoli ko Abijan zai iya auna abin da ake nufi da wasiƙar da ke yin watanni a hanya kafin ta kawo labarin rasuwar mahaifi.

Ya yi shekara tara yana aiki a babban tsibirin Hawayi, yana ganin ana kama mabiyansa ɗaya bayan ɗaya ana kai su Molokai. A 1873 Bishop Louis Maigret ya tara limamansa ya ce mutanen Kalaupapa na bukatar limami, amma ba zai tilasta wa kowa ba, don ya san tamkar hukuncin kisa ne. Mutum huɗu suka miƙa kansu, aka shirya su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ya fara zuwa, ranar 10 ga Mayu 1873, yana da shekara 33. Bayan 'yan kwanaki ya aika wa shugabanninsa cewa a bar shi a can. A wata wasiƙa ya ce ya tuna da mayafin nan da aka rufe shi da shi, ya ga ai ya riga ya mutu sau ɗaya.

Guduma, zarto da lofe

Ya tarar da marasa lafiya fiye da 600. Ba shi da ɗaki, sai ya yi makonni yana kwana a gindin wata bishiya kusa da ɗakin ibada. Bai ɓoye cewa farkon ya yi masa wuya ba. Ya rubuta cewa warin gyambo kan sa shi fita da gudu daga ɗakin marar lafiya ya shaƙi iska, har ya koyi shan lofe don hayaƙin taba ya danne warin da ke bin tufafinsa. Da ya lura wasu sun daina zuwa sujada saboda cutar ta taɓa musu maƙogwaro suna yawan tofar da yawu suna jin kunya, sai ya huda ramuka a daɓen katakon cocin don su riƙa tofarwa. Har yau maziyarta na ganin ramukan.

A nan ne za a ga irin fahimtar da ya yi wa dogaro ga Allah. Da safe ya yi addu'a ya jagoranci sujada, daga nan ya ɗauki guduma da zarto. Shi da marasa lafiyar da ke da sauran ƙarfi sun gina gidaje na katako a maimakon bukkokin ciyawa da iska ke kwashewa. Ya matsa wa hukumar lafiya lamba har ta aiko da bututu, suka jawo ruwa daga wani kwari zuwa ƙauyen. Ya buɗe gidan marayu na yara maza da na mata. Ya haɗa ƙungiyar mawaƙa da masu busa, inda wani lokaci mutum biyu kan haɗu a kan kayan kiɗa ɗaya saboda yatsun mutum ɗaya ba su isa ba.

Abin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne jana'iza. Ya sassaƙa akwatunan gawa ɗaruruwa da hannunsa, ya haƙa kaburbura, ya kewaye maƙabarta da shinge, ya kafa ƙungiyoyin da ke raka gawa da kiɗa da tuta. Dabara ce mai zurfi. Mutumin da ya ga an binne maƙwabcinsa da mutunci ya san shi ma ba za a jefar da shi ba, kuma wanda ya san haka yakan samu ƙarfin share ƙofar ɗakinsa ya shuka dankali.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai sai bayan ya kamu da cutar ne ya hau mumbari ya ce "mu kutare" a maimakon "'yan uwana". Labarin na da daɗin ji, amma wasiƙar da ya aika wa yayansa a watan Nuwamban 1873 ta nuna tun watanninsa na farko yake faɗin haka, lokacin da babu ko tabo a jikinsa. Ya sa kansa cikinsu da baki shekara 11 kafin jikinsa ya bi.

Kuma a nan ne laifinsa yake, idan za a faɗi gaskiya. Ya riƙa cin abinci da hannu a ƙwarya ɗaya da marasa lafiya, yana miƙa musu lofensa su zuƙa su mayar masa, ƙofar ɗakinsa a buɗe dare da rana. Likitocin da suka ziyarci wurin sun gargaɗe shi, bai ji ba. A ganinsa ba zai yi wa mutane wa'azin Yesun da ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ba, shi kuma yana ja da baya. Mabiyansa sun so shi saboda haka. Amma wata mata mai suna Marianne Cope, shugabar wasu mata masu hidimar coci da ta iso Kalaupapa a 1888, ta nuna ana iya yin jinya da ƙauna tare da tsananta tsafta da wanke hannu. Ta zauna a can shekara 30, ta rasu a 1918 tana da shekara 80 ba ta kamu ba, kuma babu ko ɗaya cikin matan da ta jagoranta da ta kamu.

Zunubi a bainar jama'a

Wahalar da ta fi ci masa rai kaɗaici ce. A ɗarikar Katolika, mai bi kan je gaban limami ya furta zunubansa a asirce don a yi masa addu'ar gafara, kuma shi kansa limamin yana bukatar wani limami. Damiyan ya kan yi watanni bai ga ɗan uwansa limami ba. A shekararsa ta farko hukumar lafiya ta hana shi fita daga yankin. Wata rana jirgin ruwa ya tsaya a gaɓar da shugabansa a ciki, matuƙin ya hana shugaban sauka, ya kuma hana Damiyan hawa. Sai ya shiga kwalekwale ya matso gefen jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, fasinjoji na tsaye suna kallo, shugaban ya sa masa albarka daga sama.

Ya sha rubuta cewa baƙin tunani na taso masa. Abin da yake yi idan haka ta faru shi ne ya shiga maƙabarta da carbinsa yana zagayawa tsakanin kaburburan da ya haƙa, ko ya je ya durƙusa shi kaɗai a gaban bagadi. Ya gaya wa wani abokinsa a wasiƙa cewa ba don imaninsa da kasancewar Almasihu tare da shi a wannan ɗan ɗakin ibada ba, da bai iya jure zaman ba.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da taurin kai da saurin fushi, ya yi rigima da jami'an hukuma, ya yi da limaman da aka turo su taimake shi. Da sunansa ya fara fita a jaridu, musamman bayan Gimbiya Liliuokalani ta ziyarci wurin a 1881 aka ba shi lambar girma ta masarauta, sai shugabanninsa na coci suka fara ganin yana neman suna. Kuɗin da wani limamin Angilika a Landan, Hugh Chapman, ya tara masa daga mutanen Ingila ya ƙara rura wutar, don hukuma ta ji kamar ana cewa ta yi watsi da marasa lafiya.

Shekaru huɗu na ƙarshe

A 1885 wani likita Bajamushe, Eduard Arning, ya tabbatar da cutar. Labarin ya isa Beljiyam ta jaridu, mahaifiyarsa ta ji, ta rasu a 1886.

Damiyan bai ce tunda Allah ya ƙaddara sai ya naɗe hannu ba. Ya nemi magani iyakar ƙarfinsa. A lokacin wani likita ɗan Japan, Masanao Goto, yana gwada wata hanya a Honolulu ta wanka da ruwan ɗumi mai haɗin magunguna da shan wasu ƙwayoyi. Shugabansa na coci ya hana shi zuwa, ya rubuta masa wasiƙa mai zafi cewa idan ya zo za a killace shi a ɗaki, kuma sauran limamai ba za su yi amfani da kayan sujadar da ya taɓa ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Duk da haka ya nace, ya je a watan Yulin 1886, ya yi 'yan kwanaki, ya koyo hanyar, ya dawo ya gina ɗakunan wanka don sauran marasa lafiya su amfana. Wankan ya rage masa raɗaɗi, bai tsayar da cutar ba.

Girarsa ta zube, kunnuwansa suka kumbura, ƙuraje suka fito masa a fuska da hannuwa, muryarsa ta dushe, idanunsa suka yi ja har karatu ya gagara. Sai ya ƙara sauri. Ya shiga faɗaɗa cocin da gina sabbin ɗakunan marayu, ana ganinsa a kan rufi da guduma, hannu ɗaya a naɗe. A 1887 ya rubuta wa yayansa cewa yana jin babu ɗan mishan da ya kai shi farin ciki a duniya. Wani mai zane ɗan Ingila, Edward Clifford, da ya ziyarce shi a ƙarshen 1888, ya ruwaito cewa ya gaya masa ba zai karɓi waraka ba idan sharaɗinta shi ne ya bar tsibirin da aikinsa. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarfin imani ko taurin kai. Waɗanda suka zauna da shi sun ga duka biyun.

Abin da ya daɗe yana roƙo a addu'a, wato mataimaka, ya samu a ƙarshe. Joseph Dutton, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka da ya yi fama da shaye-shaye ya tuba, ya iso a 1886 ya zauna shekara 44. Wani limami ɗan ƙasarsa, Louis-Lambert Conrardy, ya zo a 1888, sai Marianne Cope da matanta a watan Nuwamba. A ƙarshen Maris 1889 ya kwanta. Aka tarar ba shi da ko zanen gado na kirki, a kan katifar ciyawa yake kwana a ƙasa. Ya rasu da safiyar 15 ga Afrilu 1889, Litinin ɗin makon da ke kaiwa ga Ista, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin bishiyar da ya fara kwana.

Ko a kabari bai huta da baki ba. Bayan 'yan watanni wani fasto a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wa abokinsa wasiƙar da ta fita a jarida, ya kira shi ƙazami mai taurin kai, ya kuma yi zargin cewa ta hanyar lalata da mata ya ɗauki cutar. Mutane da yawa a lokacin, har da wasu likitoci, sun ɗauka kuturta matakin ƙarshe ne na tunjere, don haka duk mai ita ana yi masa kallon mazinaci. Binciken da coci ta yi daga baya bai samu hujjar zargin ba. Marubuci Robert Louis Stevenson, wanda ya yi kwana takwas a Kalaupapa jim kaɗan bayan rasuwar, ya mayar wa faston martani a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1890. Bai musanta cewa Damiyan na da aibu ba, ya dai tunatar da faston cewa shi yana zaune a gidansa mai kyau a birni lokacin da wancan ke wanke gyambo.

A 1936 gwamnatin Beljiyam ta nemi gawarsa, aka tone ta aka kai Leuven, mutanen Kalaupapa na kuka ba a nemi shawararsu ba. Sai a 1995 aka mayar musu da ƙasusuwan hannunsa na dama aka binne a kabarin farko. Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi ranar 11 ga Oktoban 2009.

Daga Molokai zuwa Danja

A shekarar da Damiyan ya sauka Kalaupapa, 1873, wani likita ɗan Norway, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba ta da alaƙa da cin kifi da nono kamar yadda ake camfawa a ƙasar Hausa. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon da ke fita daga hanci da baki, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu na kashe ta da kansa. Tana iya ɓoyewa shekara biyar, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana. Yatsu ba sa gutsurewa haka kawai: ƙwayar na kashe jijiyoyin ji, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, ciwon ya ruɓe ya ci ƙashi.

Magani na gaske ya isa Kalaupapa a 1946. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, ana sha wata shida ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su a ko'ina. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar. Duk da haka ana samun sabbin masu kamuwa kusan 200,000 a duniya kowace shekara, Nijar na ba da ɗaruruwa daga ciki, kuma da yawa ba sa zuwa likita sai hannu ko ƙafa ya riga ya lalace, saboda kunya da tsoron a gane.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cutar, ga sarautar Sarkin Kutare a birane, ga karin magana irin su kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. A nan ma 'yan mishan ne suka fara buɗe wuraren jinya na zamani, ko da yake 'yan Furotesta ne na ƙungiyar SIM, ba ɗarikar Damiyan ba. Su suka riƙe Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, sannan a 1956 suka buɗe cibiyar Danja, kimanin kilomita 15 kudu da Maraɗi a kan hanyar Najeriya, shekara shida bayan asibitin Galmi. A 2012 aka ƙara mata sashen aikin yoyon fitsari, wata lalurar da ita ma ke raba mace da mijinta da danginta. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba bisa ƙidayar 2012, kuma mafi yawan masu zuwa jinya Danja Musulmi ne.

Alamar farko ba ta da ban tsoro, shi ya sa ake raina ta: tabo a fata da ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, idan aka shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Ga waɗanda jijiyoyinsu suka riga suka mutu, ma'aikatan jinya na koya musu su riƙa duba tafin ƙafa da hannu kowane dare, su jiƙa su a ruwa, su kankare kanta, su shafa mai. Ana kuma jaddada musu cewa ruwan ya zama mai sanyi, idan kuwa daga wuta aka sauke shi, su sa wani mai ji ya taɓa kafin su tsoma ƙafa.